Awa 6 ko awa 14? Mun saɓa da yayana a kan tafiyar mahaifiyarmu

Assalamu alaikum. Ina zaune a New York, mahaifiyarmu kuma tana Dubai wurin yayana tun bara. Shekarunta 68, tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga, ba ta jin Turanci, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ita kaɗai ba. A watan Yuli muke so ta zo wurina. Tikiti iri biyu ne a gabanmu. Na farko jirgi ɗaya ne kai tsaye, zai tashi daga Dubai da ƙarfe 8:30 na safe, ya sauka New York da 2:15 na rana. Na biyu ta Landan ne: zai tashi 7:45 na safe, ya sauka Heathrow 12:25 na rana, daga nan ta shiga jirgin wani kamfani da za a saya mata tikitinsa daban, ya tashi 2:00 na rana, ya iso 5:00 na yamma. Yaya ya fi son na biyun saboda ya fi araha, kuma ya ce za ta samu ta miƙe ƙafa a tsakiya. A cewarsa tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, tunda ko na kai tsayen bai cika awa 6 ba. Ni kuwa wata maƙwabciyata ta ce min awa 14 ta yi a zaune a wannan hanyar. Da na faɗa masa sai ya ce na cika tsoro, ya kuma tuna min cewa shi zai biya. Yau kwana 4 ba mu yi waya ba. Mama ta ce duk abin da muka yanke ya yi mata. Ni yanzu duka biyun tsoro suke ba ni, zaman awa 14 da kuma sauya jirgi a ƙasar da ba ta san kowa ba. Wa ya fi gaskiya a cikinmu, kuma ta yaya zan yi masa magana ba tare da na raina shi ba?

Wata mai neman shawara

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya saka muku da alheri ku biyun. Maƙwabciyarki ce ta faɗi daidai. Amma kuskuren da yayanki ya yi ba na rashin kula ba ne, kuskure ne da ya kama matafiya da yawa, har waɗanda suka saba da filin jirgi. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Ƙarfe 8:30 agogon Dubai ne, 2:15 kuma agogon New York, kuma ba a ɗebe wannan daga wancan sai an mayar da su agogo ɗaya. A watan Yuli Dubai tana gaban New York da awa 8. Ke nan lokacin da jirgin zai tashi, ke a wurinki ƙarfe 12:30 ne na dare. Ƙirga daga 12:30 na dare zuwa 2:15 na rana, za ki samu awa 13 da minti 45. Ga awa 14 ɗin da aka faɗa miki.

Ki riƙe wani abu kuma don gaba. Wannan tazarar ta awa 8 ba ta dindindin ba ce. Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ta dawo da shi a Lahadin farko ta Nuwamba, Dubai kuwa ba ta taɓa agogonta. Idan Mama za ta koma bayan farkon Nuwamba, tazarar ta zama awa 9. Haka kuma a tikitin komawa wataƙila ki ga an sa +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarsa washegari ke nan. Mai tarbar baƙo da bai lura da wannan alamar ba yakan je filin jirgi kwana guda kafin baƙon ya iso.

Ko da an ajiye maganar agogo gefe, nisan kaɗai ya isa ya warware gardamar. Tsakanin filin jirgin Dubai da na JFK a New York akwai kimanin kilomita 11,000. Jirgin fasinja na zamani idan ya daidaita a sama, can tsakanin mita 10,000 zuwa 12,000, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Kafin ya cinye kilomita 11,000 cikin awa 5 da minti 45, sai ya yi gudun fiye da kilomita 1,900 a awa, wato ya zarce gudun sauti nesa ba kusa ba. Jirgin fasinjan da ke irin wannan gudun shi ne Concorde, shi kuma an jingine shi tun 2003. Hanya mafi sauƙi ta yin ƙiyasi ita ce ki raba nisan da 850, sannan ki ƙara kamar minti 40, saboda jirgi ba ya kan cikakken gudunsa lokacin hawa da sauka, ga kuma tafiyar da yake yi a ƙasa daga ƙofar da aka ɗauki fasinja zuwa titin tashi, wani lokaci har da bin layi. Lokacin da kamfani ke rubutawa daga ƙofa zuwa ƙofa ne, ya haɗa da duk wannan. Idan kika duba a intanet kika ga wani shafi ya ce 6,840 wani ya ce 5,940, kada ki rikice, nisa ɗaya ne. Na farkon mil ne na ƙasa mai kilomita 1.609, na biyun mil ne na teku mai kilomita 1.852, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi.

Za ki kuma lura cewa komawar ta fi zuwan gajarta da awa ɗaya ko fiye, alhali hanyar ɗaya ce. Iska ce ta jawo haka. A can saman da jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ta fi tsanani a lokacin sanyi. Mai zuwa Amurka yana fuskantarta ne, mai barin Amurka kuwa tana tura shi ta baya. A watan Fabrairun 2020 ta taɓa tura wani jirgin British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba ware wa kusan awa 7. Don haka zuwan Mama shi ne mai wuyar, komawa za ta ɗan fi sauƙi.

Yanzu ga wurin da yayanki yake da gaskiya, kuma ina so ki faɗa masa haka da bakinki. A taswira, mutum zai ɗauka biyawa ta Landan zagaye ne, domin tana can arewa sosai. Ba haka ba ne. Duniya a dunƙule take, kuma hanya mafi kusa daga Dubai zuwa New York tana lanƙwasa ne ta arewa, ta ratsa Turai, ta haye arewacin Tekun Atlantika, ta gangaro ta gabashin Kanada. Daga Dubai zuwa Heathrow kimanin kilomita 5,500 ne, daga Heathrow zuwa JFK kimanin 5,540. Haɗa su, za ki ga abin da aka ƙara a kan na kai tsaye bai kai kilomita 50 ba. Landan kusan a bakin hanya take. Idan kilomita ake ƙirgawa, tikitin yayanki bai da laifi ko kaɗan.

Sai dai tsohuwa mai ciwon gwiwa ba kilomita take ji a jikinta ba. Abin da take ji shi ne awa nawa ta yi tun da ta bar gida, da sau nawa aka ce ta tashi ta nemi hanya da kanta. Mu auna tikitin Landan da wannan ma'aunin. A Yuli Dubai tana gaban Landan da awa 3, don haka zangon farko awa 7 da minti 40 ne. Landan tana gaban New York da awa 5, don haka zango na biyu awa 8 ne cif. Zaman cikin jirgi kaɗai ya kai awa 15 da minti 40, ya ɗara na kai tsaye da kusan awa 2, saboda sau biyu za a hau, sau biyu za a sauka. Ƙara awa 1 da minti 35 na tsakiya, jimilla awa 17 da minti 15. Sannan ki ɗora abin da tikiti ba ya nunawa: hanyar zuwa filin jirgi, awa 3 da ake so matafiyi ya riga jirginsa isa, awa ɗaya zuwa biyu wurin jami'an shige da fice da jiran kaya a JFK, sai hanyar gidanki. Da na kai tsaye, daga ƙofar yayanki zuwa ƙofarki kusan awa 20 ne. Da na Landan ana maganar awa 23 zuwa 24. A jikin Mama, mai bin agogon Dubai, na farkon zai sauke ta da ƙarfe 10:15 na dare, na biyun kuwa da ƙarfe 1:00 na dare, kuma ba za ta ga gado ba sai wajen asuba.

Duk wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne wannan awa 1 da minti 35, da kuma cewa tikiti biyu ne na kamfanoni biyu. Zo mu bi Mama mataki-mataki. Jirgi ya tsaya a ƙofa da 12:25, idan bai yi latti ba, alhali a Heathrow ba baƙon abu ba ne jirgi ya yi ta shawagi a sama yana jiran a ba shi damar sauka. Fasinjan da ke buƙatar keken guragu yawanci shi ake fitarwa a ƙarshe, bayan ɗaruruwan mutane sun wuce. Ƙarfe ɗaya saura kwata ko saura minti goma ta yi ke nan tana bakin jirgi. Tunda tikitin daban-daban ne, galibi kamfanin farko zai sauke akwatinta ne a Landan, ba zai miƙa wa na biyu ba. Sai ta bi layin shige da fice na Birtaniya, ta tsaya ta gane akwatinta a kan bel ɗin da ke fito da kayan fasinja, ta fito, wataƙila ma ta sauya gini, domin Heathrow tana da gine-ginen fasinja huɗu masu lamba 2, 3, 4 da 5, kuma wasu sai an shiga jirgin ƙasa ko bas kafin a je su. Kamfanoni da yawa suna rufe karɓar kaya awa ɗaya kafin tashin jirgin tafiya mai nisa. Jirginta na 2:00 ne, ke nan ƙarfe 1:00 an rufe. Abin da take da shi a zahiri minti 35 ne daga tsayawar jirgi, ba awa ɗaya da rabi ba. Matashi mai jin Turanci da ya san filin kamar tafin hannunsa ma ba zai kai ba.

Idan kuwa jirgin ya tafi ya bar ta, kamfani na biyu ba ruwansa da lattin na farko. A wurinsu fasinja ce da ba ta zo ba, kuma a irin haka kamfanoni kan soke sauran tikitin har da na komawa. Sai a wayi gari ana neman sabon tikiti a ranar tafiya, lokacin da ya fi tsada, ita kuma tana zaune a ƙasar da ba ta da kowa. A nan ne arahar take komawa tsada. Ga kuma batun biza. Dokar wanda zai tsaya cikin filin jirgi ya sauya jirgi daban take da ta wanda zai ratsa shige da fice ya ɗauki kaya, kuma abin da ya shafi Mama ya danganta da fasfon da take riƙe da shi da irin bizar da ke ciki. Shafin gwamnatin Birtaniya yana da wurin da ake duba wannan. Idan takardunta ba su cika ba, tun a Dubai za a hana ta shiga jirgi. Ko da wani tikitin kuka koma dubawa, ku karanta haruffa ukun da ke nuna filin jirgi. LHR ita ce Heathrow, LGW kuwa Gatwick ce, wani filin daban da sai an yi tafiyar awa ɗaya ko fiye a mota. Tikiti mai araha yakan sauke mutum a ɗaya, ya ce ya tashi daga ɗayan. A ɓangarenki ma JFK daban, EWR daban, wannan Newark ce a jihar New Jersey.

Shawarata a fili take: wannan tikitin na Landan, yadda aka tsara shi, kada a saya. Na kai tsaye ya fi dacewa da Mama. An zaunar da ita sau ɗaya a Dubai a gaban ɗanta, an tashe ta sau ɗaya a New York inda 'yarta ke jira, akwatinta kuma yana ƙarƙashinta duk tsawon hanya.

Na san tsoronki na zaman awa 14 bai tafi ba, kuma tsoro ne mai tushe. Dogon zama ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin yana kusan ninkawa biyu bayan tafiyar awa 4 ko fiye a zaune, amma duk da haka bai wuce kamar mutum 1 cikin 6,000 ba. Ki lura, kowane zango na hanyar Landan ya ninka awa 4 ɗin ko ya kusa, don haka raba tafiyar bai kawar da matsalar ba. Motsi ne maganinta, kuma ana yin sa a cikin jirgi. A zaɓar mata kujerar gefen hanya, ba ta jikin taga ba, kusa da banɗaki, yadda za ta tashi ba sai ta nemi alfarmar kowa ba. Tsofaffi da yawa suna ƙin shan ruwa don kunyar tayar da na kusa da su, iskar cikin jirgi kuwa busasshiya ce ƙwarai. A gaya mata ta riƙa shan ruwa, ta miƙe ta ɗan taka duk bayan awa ɗaya ko biyu idan fitilar ɗaura bel a kashe take, idan tana zaune kuma ta riƙa jujjuya idon sawu tana ɗaga dunduniya. Ta sa tufafi da takalma masu sakewa, don ƙafa kan ɗan kumbura. Kada a nema mata kujerar bakin ƙofar gaggawa saboda faɗin wurin ƙafa, ba a ba mai buƙatar taimako ita.

Mako biyu ko uku kafin tafiya, yayanki ya kai ta wurin likitanta da tikitin a hannu. Akwai tambayoyi uku da nake so a yi masa. Shin lafiyarta za ta ɗauki tafiyar, ganin cewa iskar cikin jirgi kamar ta saman dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 ce? Shin ta sa safar nan mai matse ƙafa, kuma wace iri, tunda ba kowane mai ciwon suga ta dace da shi ba? Na uku kuma shi ya fi muhimmanci: yaya za ta sha magani a ranar? Mai tafiya yamma ranarsa tsawo take ƙarawa, ranar Mama za ta zama awa 32 maimakon 24. Idan allurar insulin take yi ko maganin da ke iya sa suga ya faɗi, likita ya rubuta mata a takarda ƙarfe nawa za ta sha me, bisa agogon Dubai, ita kuma ta bar agogon hannunta a kan lokacin Dubai har ta iso gidanki. Kada ke ko yayanki ku sauya mata adadin magani da ka. Duk magungunanta, da na'urar auna suga, da ɗan abin zaƙi don ko suga ya faɗi, su kasance a jakar hannu tare da takardar likita da aka rubuta da Turanci. Akwati yana iya makara ko ya ɓata, kuma sanyin ɗakin kaya na iya lalata insulin. A wurin bincike ana barin maganin ruwa ya wuce ko ya ɗara mililita 100, matuƙar an fito da shi an nuna. Kamfanonin tafiya mai nisa kuma suna tanadar abinci na musamman ga masu ciwon suga idan an nema tun da wuri.

Sai keken guragu. Wataƙila Mama ta ce ba ta so, ita tana iya takawa. Ku lallashe ta. Ba don ba ta iya tafiya ake nema mata ba, filayen nan biyu manya ne, kuma ma'aikacin da ke tura keken shi ne jagoranta. Shi zai bi da ita wurin bincike har ƙofar jirgi, wani kuma zai tarbe ta a bakin jirgi a New York, ya kai ta gaban jami'in shige da fice, ya taya ta ɗaukar akwati, ya fito da ita har inda kike. Ga wadda ba ta jin Turanci, wannan ya fi komai amfani. Ana nema ne wurin kamfanin jirgin lokacin sayen tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tafiya. Kamfanoni suna rubuta irin taimakon da haruffa huɗu: akwai WCHR ga wanda zai iya hawa matakala amma doguwar tafiya ke ba shi wahala, akwai WCHS ga wanda matakalar ma ba zai iya ba. Da ciwon gwiwa irin wanda kika faɗa, ku tambaye ta gaskiyar yadda take ji a kan matakala kafin ku zaɓa. Kwana biyu kafin tafiya a sake kiran kamfanin a tabbatar buƙatar tana nan a rubuce.

Ki rubuta mata takarda guda da manyan haruffa da Turanci, yayanki ya buga ya sa mata cikin fasfo: sunanta, sunanki, cikakken adireshinki, lambar wayarki, cewa tana da ciwon suga, da harshen da take ji. Jami'in shige da fice zai tambayi inda za ta sauka da tsawon zaman da za ta yi, kuma yana iya neman tafinta ko ya kira ki. A bayan takardar a sa 'yan jimloli da za ta nuna wa ma'aikatan jirgi da yatsa, kamar ina son ruwa, ina son banɗaki, jiri nake ji. Ke kuma ki riƙe lambar jirgin, ki bi tafiyarsa a wayarki, ki tabbatar da ginin da zai sauka, domin JFK ma gine-gine ne da yawa. Idan allo ya nuna jirgi ya sauka amma awa ɗaya da rabi ta wuce ba ki gan ta ba, kada hankalinki ya tashi, haka fitowar ke ɗaukar lokaci.

Idan na kai tsayen ya gagara, ko don kuɗi ko don likita ya ce a raba tafiyar, akwai mafita. A sayi tafiya mai ya da zango a tikiti ɗaya, mai lambar rajista ɗaya tun daga Dubai har New York. A irin wannan, akwati yana wucewa da kansa, mai keke zai kai ta daga jirgi zuwa jirgi, kuma idan na farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sa ta a na gaba. Ko a hakan, kada ku yarda da ratar da ta gaza awa 3, kada kuma ta zarce 5, don zaman jira ma gajiya ne. A sake duba batun biza. Abin da ya fi duka kuwa shi ne a samu mai rakiya, ko yayanki da kansa idan yana da biza da sarari, ko wani amintacce da zai bi jirgin ranar. Da ɗan rakiya, har kwana a tsakiya ana iya yi, ta huta a gado ta ƙarasa washegari.

Saura maganarku da yayanki, kuma ke nake so ki fara kira, yau ba gobe ba. Shi ne ke ɗauke da Mama tun bara, shi ke kai ta asibiti, shi zai biya kuɗin jirgi. Mutumin da ke kan wannan hidimar, idan ƙanwarsa ta kira daga nesa ta ce tsarinsa bai yi ba, abin da kunnensa ke ji shi ne ba a ga ƙoƙarinsa ba. Ina jin daga nan maganar shi zai biya ta fito. Don haka kada ki buɗe da cewa ya yi kuskuren lissafi. Ki gaishe shi, ki yi masa godiya a kan Mama da gaske, ki ce masa ya yi gaskiya cewa Landan a kan hanya take kuma miƙe ƙafa yana da amfani. Sannan ki ce, Yaya, akwai abin da ya ɗaure min kai a tikitin nan, don Allah taya ni dubawa. A yawancin shafukan sayar da tikiti ana rubuta jimillar tsawon tafiya da ƙananan haruffa a tsakanin lokacin tashi da na sauka. Ki bar shi ya gano 13 da 45 ɗin da idonsa, gani ya kori ji. Daga nan ki tambaye shi ƙarfe nawa kamfani na biyu ke rufe karɓar kaya. Idan ya lissafa minti 35 ɗin da kansa, ba sai kin ƙara komai ba.

Kuɗin ma kada ki ɗauke shi ƙaramin abu don ba daga aljihunki zai fita ba. Idan kina da hali, ki ce ke za ki cika bambancin, ko ki ɗauki na komawa. Ki faɗe shi a matsayin naki kason na hidimar Mama, kada ya ji kamar kina nuna ya gaza. Idan ba ki da hali a yanzu, ku duba wasu ranakun tare, domin farashi yana sauyawa daga rana zuwa rana, kuma Yuli lokacin cunkoson matafiya ne. Ɗaga tafiyar da 'yan makonni ba aibu ba ne.

Ita kuma Mama, da ta ce duk abin da kuka yanke ya yi mata, ina kyautata zaton ba ta son ta zama sanadin saɓanin 'ya'yanta ne, kuma shirun kwana 4 ɗin nan ba zai ɓuya mata ba tunda gida ɗaya suke da yayanki. Bayan kun daidaita, ku kira ta tare, ku faɗa mata tafiyar da harshen da za ta gane: za ta shiga jirgi da safe, za ta ci abinci ta yi barci ta farka ta sake ci, kuma sai dare ya yi a agogon hannunta za ta sauka, ko da ta ga rana tsaka a waje. Ku tambaye ta abin da ya fi ba ta tsoro. Wataƙila ba tsawon zaman ba ne, wataƙila yadda ake buɗe ƙofar banɗakin jirgi ne, ko wanda za ta kira idan jikinta ya yi mata wani iri. Yayanki ya nuna mata hoton maɓallin kiran ma'aikaci da ke jikin kujera ko a saman kai, ya ce mata ta danna ba tare da jin nauyi ba. Idan ta iso, ki bar mata kwana uku ko huɗu ba ziyara ba yawo, ki riƙa fitar da ita hasken rana da yamma, ki kuma yawaita auna mata suga har barcinta ya koma kan agogonku. Allah ya kawo ta lafiya.